Jajibirin Zaɓe a Bakin Kogin Caquetá

An hana sayar da giya tun yammacin Asabar,
haka dokar zaɓe take a nan.
Sai na ɗora kofi, tukunya ta uku,
mazan suka zauna da hankalinsu garau,
wanda ya fi maye haɗari.

Arnulfo, mijina, ya kwance ƙafarsa ta roba,
ya jingina ta da bango kamar baƙuwa.
Ta ainihin tana gonar rogo,
shekara goma sha ɗaya ke nan,
inda nakiya ta karɓe ta ba sallama.
Ya ce, "Ni in zaɓi masu wa'azin yafiya?
Wa ya tambayi ƙafata ko ta yafe?"

Eusebio malamin makaranta ya gyara tabarau.
"Ƙasa ba ta tafiya da ƙafa ɗaya,"
sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa,
ya haɗiye sauran da kofi.

Nemesio mai kifi ya ce duk kanwar ja ce.
"Na zaɓi na dama, na zaɓi na hagu,
gadar da suka yi mana alkawari
har yau kwale-kwale ce.
Bogota ba ta san sunanmu ba
sai ranar da take son ƙirga mu."

'Yata Yamile tana yanka ayaba,
wuƙar ce kaɗai ke magana a madadinta.
Kowa ya san wanda ba ta ambata ba:
Fidencio, da ya shiga daji yana ɗan sha huɗu,
ya fito da furfura a gemu,
ya miƙa bindiga, ya koyi gyaran injin jirgi.
Yana waje, kan dakali.
Iyakar da ubanta ya yanka masa ke nan.

"Wataƙila ma shi ya binne ta."
"Baba, lokacin yana can kan iyaka."
"Takalminsu iri ɗaya ne, dukansu."

Nan wuta ta ɗauke.
Nan kuma muka ji inji a kan ruwa,
da dare, ba fitila.

Gardama ta mutu a tsaye.
Hannuna ya kai ga ashana, ya janye.
Na ƙirga 'ya'yana a zuci yadda na saba,
har da wanda ba ya bukatar ƙirga yanzu.

Akwatunan zaɓe ne.
Soja biyu, da wani yaro ɗan birni
da ruwa ya juya wa ciki.
Aka yi dariya, irin mai tsawo fiye da kima,
ba wanda ya yarda ya ji tsoro.
Amma na ga inda Fidencio ya tsaya:
a bakin ƙofarmu, ya ba mu baya,
hannu bibbiyu riƙe da dogaran ƙofa,
ƙirjinsa yana fuskantar kogi.
Arnulfo ma ya gani.
Ya nemi ƙarin sukari.

Da safe rumfar zaɓe tana tsallake,
jirgi ɗaya ne, gangaren duk santsi.
Fidencio ya durƙusa a laka, bai ce uffan ba.
Mijina ya daɗe yana kallon wannan baya
kafin ya hau.
"Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi."
"Ban ɗauka ba. Kai na ɗauka."

Ina biye da su, ƙafar roba a hammatata,
katina ƙulle a bakin gyale.
Shekara arba'in ina zuba musu kofi,
ba wanda ya taɓa tambaya ta
wa zan zaɓa.
Yamile ta riƙe min hannu, muka shiga.
Kogin ya cika jiya da dare,
ya ci wani yanki na gaɓar da muka baro.