Ƙugiya

Ƙarfe tara na dare a Dandi.
Ruwa na ta yayyafi tun la'asar, kamar mai jin kunyar zuba.
Morag ta bar min makulli da rabin biskit,
ta ce in na gama in kashe wutar zaure.
In na gama.

Gobe da hantsi 'yan firamare za su cika wurin nan,
tsohuwar masaƙar algarara da aka mayar gidan tarihi,
kowanne da ɗan yatsa mai danƙon alewa
zai dangwali allon gilashi:
ka taɓa jirgin ruwa, ya yi kuka ya tashi,
ka taɓa injin saƙa, ya hau rawar jiki,
ka taɓa buhu,
shiru.

Umarnin da na rubuta wa buhun bai taka kara ya karya ba:
in an taɓa ka, tsayar da hoto,
ɗauko murya, kunna ta,
in ta ƙare, koma inda ka fito.
Na bi shi layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Waƙafi na nan.
Bakar da na buɗe na rufe ta.
Na kashe, na kunna. Na lallaɓa. Na ja tsaki.
Jan rubutun nan dai a gindin allo, ko gezau:
ba a sami abin ba, layi na tamanin da bakwai.

Ba a samu ba? Ga shi ina kallon sa!

Muryar Kawu Nagoma ce.
Ƙanwata ta ɗauko min da waya, yana kishingiɗe a soro a Fagge,
ana jin kukan akuya a bayansa.
Shi ya yi dako a tashar jirgin ƙasa da ƙuruciya,
ya ce buhunan da warin mai suke zuwa, warin da bai san sunansa ba,
su cika su, su ɗinke baki, su mayar wa masu su.
Minti ɗaya da rabi. Tari biyu. Dariya ɗaya.

Sai na dasa 'yan rahoto tsakanin layuka,
kowa in an wuce ta gabansa ya ce na gani.
Na farko ya ce na gani.
Na biyu ya ce na gani.
Na uku ko uffan.
To, na ce da na'ura, daina ce min babu,
rubuta min sunan da kike nema.

Ta rubuta: gya,
sai wani ɗan akwati fanko,
sai a.

Gyaɗa.
Ashe a ƙugiya ta yi tuntuɓe.
Awa huɗu ina zargin hannuna,
alhali harafi ɗaya ne ya zo bakin ƙofa ba a san fuskarsa ba.

Gyaran mai sauƙi ne: a datse ƙugiyar, a wuce wurin.
Ni na saba.
A katin banki ba Ɗalhatu ba ne ni,
a asibiti ma haka, kuma ina amsawa.
Amma Kawu ko Kaduna bai taɓa kwana ba,
ba zan aske masa kalma don ya shiga Dandi ba.

Na hau can saman shafi,
na ƙara layi guda da ke gaya mata haruffan duniya sun fi nata yawa.
Na adana. Na goge tafin hannu a wando.
Na taɓa buhu.

Tari. Sannan sallama,
ta bi ta tsakanin injunan da suka yi shekara hamsin ba motsi,
har akuyar ta shigo.
Na tsaya ni kaɗai ina gyaɗa kai.

Sha ɗaya da arba'in. Bas ta ƙarshe ta wuce.
Na miƙa hannu zan kashe,
gwiwar hannuna ta gogi jirgin ruwa.
Ya yi kuka, ya sake, ya sake, ya ƙi tsayawa.
Layi na arba'in da biyu.
Na jawo kujera. Na cinye biskit ɗin Morag.