Ruwan Wankin Raga

Ni ne mai wankin esi a Karantina,
kudancin Jidda, kusa da matatar mai.
Tsani a kafaɗa, bokiti a hannu,
da buroshin da rabin gashinsa ya zube.

Ban yi karatun likita ba,
amma zaro min ragar esinka in jiƙa,
zan gaya maka mutum nawa ke kwana a layinku.

Jiya na hau hawa na huɗu a gidan Abduh Bayamale.
Ɗaki uku ne, na iyali guda,
an tsattsaga su da katako.
Takalmi ƙafa goma sha tara na ƙirga a bakin ƙofa,
ban da na yara.
Ragar ta fito kamar hantar da aka manta a kan wuta.
Ruwan farko tawada,
na biyu baƙin shayi,
na uku ma ya ƙi yin fari, na haƙura.

An ce hanci bai san daɗin gishiri ba.
Na babana ya sani.
Ya ce shekarar da jirgin Sawakin ya sauke shi
iskar teku har tsakar gida take biyo mutum,
ka lashi leɓe ka ji ta.
Da dare su shimfiɗa tabarma a kan rufi
su yi ta musun sunayen taurari.
Ni in na hau rufi tankunan ruwa nake gani,
da igiyoyin shanya,
da wata wuta can a bakin bututu
wadda tun ina yaro ban ga ta mutu ba.
Tekun tana nan, ba ta ƙaura ba.
Mu ne muka jera mata bango bayan bango.

Ba wanda ya zo da mugunta.
Mizanur ya zo ne don aurar da ƙannensa,
Almaz mai kofi ta gudo wa yunwa,
mu kuma aikin hajji ya ajiye kakanni, muka yi saiwa.
Kowa huhu biyu ya kawo,
sai dai kowa da murhunsa,
da tsohuwar motar da ke tari kafin ta tashi.
Tirelolin tashar jirgi suna layi tun asuba
inji a kunne, direba na barci.
Esina yana tofa zafi a tagar Mizanur,
nasa yana tofa wa Almaz,
nata ya juyo ya same ni.
In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.
Ashe iska ma haka take.

Na taɓa aiki a Ubhur, can arewa.
Esi shida, mutum biyu da kyanwa.
Na wanke duka a bokiti ɗaya,
ina iya hango gindinsa.
Ninki biyu suka biya ni.

Hansatu shekararta shida.
Ta san abin shaƙa mai ruwan bula
tun kafin ta san hannun damanta.
Wani likita ya ce mu rufe taga.
Wani ya ce a buɗe, ɗakin ya sha iska.
Uwarta ta dube ni: wacce iskar?

Cikin dare nakan ɗora kunne a bayanta.
Na san wannan ƙarar,
sau goma nake jin ta a yini
kafin in kwance murfi.
Nan ba murfi, ba noti.
Sai in zauna ina shafa mata baya
har ladanin masallacin Bukhariyya ya yi gyaran murya,
shi ma da tarinsa.

Waya ta yi ƙara. Hawa na biyar, an ce ba lifta.
Na juye ruwan jiya a kwata,
na ɗauki tsani.