Inda Ya Tsaya

Shagona a Aboabo faɗin tabarma biyu ne,
tsakanin mai guga da Maame Serwaa mai kenke.
Bayan isha'i Sadisu ya shigo
rungume da kwamfuta, kamar mai kai tunkiya wurin likita.

"Kawu, wasan ya ƙi tashi.
Allo ya yi baƙi, ya ƙifta sau ɗaya,
ya mayar da ni inda na fito."

Na danna. Haka ne kuwa:
baƙon da ya yi sallama,
ya juya tun ba a amsa ba.

Ciwo ba ya faɗin sunansa, tambayarsa ake.
Na kwance sukurori huɗu, na biyar ya cinye kansa.
A fanka, ga tsaka busasshiya,
ta mutu tana gadin iska.
Na goge tsohon man da ya zama ƙanzo,
na ɗiga sabo, kamar ƙwayar gero.

Direban katin hoto ya tsufa,
yana yare, wasan na wani yare.
Saukar da sabo: minti arba'in, in ji na'ura.
Ƙarya take.
A kashi tamanin da bakwai aka ɗauke wuta,
unguwa ta yi "kai!" da baki ɗaya.
Muka ci kenke a hasken waya,
barkono ya fi mu magana.

Da wuta ta dawo na kori 'yan cin arziki,
manhajoji tara masu farkawa tare da mai gida
su cinye ƙwaƙwalwa tun bai wanke ido ba.
Na rage inuwa, na rage sheƙin ruwa,
ciyawar wasan ta koma kamar zanen ɗan firamare.
Jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi.

"Zan share komai in sake zubawa," na ce.
Ya riƙe min hannu.
"Ban da fayil ɗin Yaya Mubashir."

Na kwafe shi gefe, ɗan mitsitsi,
bai kai nauyin hoton fasfo ba.

Ƙarfe ɗaya saura, allo ya yi baƙi,
muka riƙe numfashi,
sai kiɗa ya tashi.
Ga jar mota a bakin gada, inji na rawa,
nan ya ajiye ta wata goma sha ɗaya da suka wuce,
daren da zai kama jirgin Doha.

"Ci gaba mana," na ce.
Yaron ya daɗe yana kallo,
sannan ya ja linzami ƙasa, ya zaɓi sabon wasa.
"A bar masa tasa. Ya san hanyar."

Sidi talatin ya miƙo, duk sun sha naɗi.
Na ɗauki goma, kuɗin kenke.
Tsakar tana nan kan tebur,
gobe na zubar.