Tabon da Ba Ya Ƙaiƙayi

Lahadi kasuwar Tawa ke ci,
Litinin kuwa bencin ƙofata ke cika.
Shekara goma sha tara ina karatun fata,
takardar da ba ta iya ƙarya
ko da mai ita ya rantse.

Ga ɗan Bilbis da makero a ƙeya,
kewayayye, kamar an manna masa dala.
Uwar ta shafa man birki har sau uku.
Na ce, baiwar Allah, yaro ne, ba mota ba.
Ga ƙwaya ta sati shida,
a daina aron aska, a daina aron hula.

Gidan Arzika su bakwai suka zo,
kowa na susar tsakanin yatsu,
dare ya raba, ba mai runtsawa.
Ƙazuwa ba ta san mutum ɗaya ba.
Kowa ya shafa, daga wuya har tafin ƙafa,
a dafa zannuwa, a bai wa rana tabarmi.

Wata ta shigo, kunci ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.
Ban yi mata wa'azi ba.
Na ce gobe ta zo mini da kwalbar man.

Sai Nayusa, mai shayin bakin tasha,
ya shigo ƙarshe, hula a hannu.
Ƙyasbi ne kawai, Majo, in ji shi,
ba ƙaiƙayi, ba zafi,
ɗiyata Tsahara ce ta hana ni sakat.

Ya tuɓe riga. A kafaɗar hagu
tabo ɗaya, ya koɗe kamar tsohon zane.
Na kankara. Ƙyasbi gari yake yi,
wannan ko ƙura bai tayar ba.
Duk bayansa gumi, ban da wurin.

Na murza auduga, siririya.
Rufe ido, duk inda ka ji, ka ce nan.
Na taɓa wuya. Nan.
Na taɓa damtse. Nan.
Na ɗora a tsakiyar tabon.
Fanka na juyi.
Can waje wani yaro na kukan allura.
Na sake ɗorawa.

Majo, ya ce, kin fara?

A ƙaramin yatsansa akwai ƙuna
wadda bai san ranar da buta ta yi masa ba.
Na laluba bayan gwiwar hannu,
jijiya ta yi kauri kamar igiyar guga.

Akwai sunan da ba a son faɗi da rana.
Na faɗa: kuturta.
Bai dube ni ba. Yatsunsa ya duba,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga canji.
Wa zai ƙara shan shayina?

Na ce, goma ka ƙirga, goma za ka riƙe.
Da ka jira ƙaiƙayi, da ka makara.
Maganin kyauta ne, wata goma sha biyu,
kullum, ba fashi ko ranar salla.
Fitsari zai yi ja, fata ta ƙara duhu,
kada su tsorata ka.
Da ka fara sha, ba ka ba kowa.
Kawo mini mutanen gida in duba bayansu,
Tsahara kuma ka saya mata tsire.

Ya haɗiye na farko a gabana,
maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

Talata da asuba na bi ta tasha.
Motar Abalak na lodi, teburinsa cike.
Ya gan ni, hannunsa ya tsaya a iska.
Na zauna tsakanin direba da mai albasa,
na ce, da madara, sukari kaɗan.

Ya naɗe marikin buta da tsumma
kamar yadda na koya masa.
Ya zuba. Na shanye har ƙasan kofi,
na ajiye dala talatin.
Ya ce a'a.
Na bar su nan kan tebur, na makara aiki.