Mai Fitilar Asabar

Da rana Ma'azu ne na gidan waya,
mai buga hatimi a bayan wasiƙun mutane,
siriri kamar tsinken tsire,
ko kaza ba ya iya yankawa.
Amma ranar Asabar, in goma ta gota,
sai ya shafa farar ƙasa a fuska,
ya zizara kwalli har gefen kunne,
ya yafa baƙin bargon da asu ya ci,
ya ɗaga fitilar ƙwai daidai haɓa:
"Damagaram, kun rufe ƙofa?
To, ta taga zan shigo."

Mu kuwa muna tsakar gidan Hajiya Kubura a Zango,
dala biyar kowane kai,
mu talatin a tabarma biyu,
talabijin na tsotson batirin mota
kamar ɗan akuya a nonon uwa.

Fina-finan Turawa ne, tsofaffi, sun koɗe,
ba mai jin abin da suke faɗi.
Shi ke tsayar da su a tsakiya:
"Kun ga wannan mai haƙora biyu?
Shekara ɗari huɗu yana kwana a akwati,
bai taɓa biyan kuɗin haya ba.
Wai tafarnuwa yake tsoro.
Ya shigo kasuwar Dole mana, ya ga ta kansa!"
Mu kwashe da dariya,
sai ƙyauren cikin fim ya yi ƙara,
dariyar ta maƙale mana a wuya
kamar busasshen dabino.

Hanyar gida ita ce sauran fim ɗin.
Duwatsu sun durƙusa a duhu, suna jiran wani.
Ni dai fitsari nake riƙewa har kiran salla.

Iyaye sun yi ta aika wasiƙun ƙorafi.
Ta hannunsa suke bi:
shi ke buga musu hatimi,
ya kai wa shugaban tasha da kansa, a keke.

Wani dare na'ura ta tauna kaset,
allo ya yi fari fat.
Bai ba da haƙuri ba.
Ya jawo kujera, ya rage lagwani,
ya ƙarasa labarin da ka.
Ya ɗauko dodon daga ƙasar ƙanƙara
ya zaunar da shi a rijiyar bayan makaranta a Garin Malam.
Kwana uku, duk da ƙishin garin nan,
guga bai sauka a rijiyar ba.

Shekara goma sha bakwai.
Sannan faranta suka tsiro a kan soraye,
tashoshi ɗari, jini mai launi.
Aka matsar da shi sha biyun dare,
aka matsar da shi ƙarfe ɗaya,
aka ba wa tallan sabulu wurinsa.
Daren ƙarshe ya ce, "Damagaram, ku buɗe ƙofa, na tafi,"
ya hure fitila.
Ban gani ba. Ina barci. Ba ni labari aka yi.

Bara na same shi a bencin asibiti,
yana ta rufe masa ido ɗaya,
katin magani a aljihun gaba.
Na ce, Baba, kai ka hana ni barci ina yaro.
Ya yi dariya har da tari.
"Ni ban taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba.
In an saki fim, baya nake juyawa,
in yi ta Ƙulhuwallahu har a taɓa kafaɗata."

Na tambayi fitilar.
Tana nan, in ji shi, Zinaru na dafa tuwo da ita
in an ɗauke wuta.

Magariba ta kawo kai kafin a kira sunansa.
Da muka fito, ya tsaya a bakin ƙofa,
ya dubi wajen duwatsun Birni,
ya laluba ya kama hannun rigata.
"Ɗana, hanyarka ta bi ta unguwarmu?"
Ba ta bi ba.
Na ce ta bi.