Alli a Gatari

A Jega, bayan tasha,
dillali na ta yabon fenti.
Nomau bai tanka ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta rigingine.

Jak ya ɗaga ƙafafun baya.
Ɗigon alli a taya, ɗigo a furofela.
"Juya, Arzika, sannu."
Na juya, yana ƙirga:
huɗu da 'yar ɗoriya.
Muka koma gatarin gaba.
Uku da rabi, alli ya dawo gida.

"Aro aka yi mata," in ji shi.
"Shanun huɗa ne, ɗaya na sauri, ɗaya na nawa.
Ranar da ka sa giyar laka
haƙora za su zuba."

Ya kwance noti, ya tsoma ɗan ali.
Mai ya fito yana ƙyalli da garin ƙarfe.
Ƙugiyar ja kuwa,
sabuwar walda bisa tsohuwar tsatsa.
Ya ƙwanƙwasa da sifana:
amon fasasshiyar ƙwarya.

Na tuna albasata, buhu arba'in,
can ƙetaren taɓo a Aliero,
tana jiran abin da zai jawo ta.

Na mai da kuɗina aljihu.
Dillali ya kunna mana rediyonta.