Kacalla

Shekara shida na yi a Ikko
ina wanke akwatin gilashin wani attajiri:
ruwan gishiri, kifi kala-kala,
da duwatsun teku masu rai.

Wata safiya abu ya tsiro a kan dutse,
kamar fure, ruwan ƙasa, gashinsa na lilo.
Na ce ado ne. Maigida ya ce annoba.
Na kankare shi da wuƙa.
Kafin Juma'a ɗaya ya zama goma,
suna harbin maƙwabta har su ƙanƙance.
Sai da muka bi su da sirinji da lemun tsami,
baki-baki, kamar 'yan rigakafi.

Yau ga ni gida, bakin Marma,
ruwa iya ƙugu, lauje a hannu.
Kacalla ta cinye hanyar kwalekwale,
jan-baki sun sauka cikinta
suna jiran shinkafar Talle ta nuna.
Baffa Jibo ya ce, "Sare ta ƙarƙashin ruwa, yaro.
In ta shaƙi iska, gobe ta dawo."

Na sunkuya. Matsattsaku ta kama ni a ƙauri.
Can, in abu ya gagara, a ciro dutsen a shanya.
Nan wa zai ciro kogi?